Kundin Saint Cloud: yabon masharhanta da ra'ayin masu saurare

Ɗan Tudun Wada, Gusau, ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da wata tambaya da ta kwana biyu tana yi mini yawo a rai, kuma tun da na lura akwai masu bin kaɗe-kaɗen ƙasashen waje a cikinmu, ina fatan wani zai warware mini ita.

Na tashi a gidan da ake jin kiɗan kantiri na Amurka. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa da rahama, direban babbar mota ne da ke ɗaukar kaya tsakanin Gusau da Legas, kuma a cikin jakar kaset-kaset ɗinsa akwai na Ɗanƙwairo da na Shata, sannan a gefe guda akwai na Don Williams da na Jim Reeves. Bai san abin da Turawan nan suke faɗi ba sai kalma ɗaya ko biyu, amma yakan ce muryarsu tana rage masa nisan hanya da dare. Saboda haka kunnena ya san wannan kiɗa tun ina ƙarami, ko da yake ban taɓa ɗaukar kaina masani a kansa ba.

Kwanakin baya ƙanena da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau ya turo mini wani kundin waƙoƙi ta waya, mai suna Saint Cloud, na wata mawaƙiya da ke amfani da sunan Waxahatchee. Ya ce mini wannan shi ake kira indi rok, kuma masu sharhin waƙa a Amurka sun sanya shi cikin mafi kyawun abin da ya fito a shekarar 2020. Na saurare shi daga farko har ƙarshe sau uku. Abin da na ji shi ne jita mai taushi, da ganga mai tafiya a hankali, da murya irin ta mutanen kudancin Amurka masu jan kalma kafin su sake ta. In ba kunnena ne ya yaudare ni ba, wannan ai ɗan uwan kiɗan da mahaifinmu yake saurare ne.

To me ya sa ba a kira shi kantiri kai tsaye ba, sai aka laƙaba masa wani suna? Kuma me masharhantan suka gani a cikinsa har wani shafi ya ba shi maki 8.7 cikin 10, alhali ni ban ji ya fi tsofaffin kaset ɗin gidanmu daɗi ba? Ƙanen nawa ya kuma ce da can kiɗa mai ƙara da hayaniya take yi, shi ya sa nake son sanin yadda masoyanta na farko suka karɓi wannan sauyi, domin a nan wajenmu idan mawaƙi ya canja salo, ba kowa ke binsa ba.

Malamin Turanci, Ƙauran Namoda, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinku. Kunnenka bai yaudare ka ba, amma sunan da ake ba waƙa a Amurka ba daga sautinta kaɗai yake fitowa ba, sau da yawa daga ƙofar da ta bi ta shigo kasuwa ne.

Asalin kalmar indi ba ta nufin wani irin kiɗa. Tana nufin mawaƙan da ke fitar da aikinsu ta hannun ƙananan kamfanonin faifai masu zaman kansu, waɗanda ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni. Kamfanin Merge da ya fitar da Saint Cloud yana cikin irin waɗannan: mutum biyu 'yan ƙungiyar kiɗa ta Superchunk ne suka kafa shi a shekarar 1989 a jihar Karolina ta Arewa, domin su riƙa fitar da waƙoƙinsu da na abokansu. Shi kuwa kantiri, bayan kasancewarsa salon kiɗa, wata babbar masana'anta ce mai hedikwata a birnin Nashbil na jihar Tenesi, tana da gidajen rediyonta, da marubutan waƙa da ke zuwa ofis kullum suna tsara wa mawaƙa baitoci, da jadawalinta na waƙoƙin da suka fi tashe. Wanda bai bi ta wannan layi ba, ko da ya kaɗa irin kiɗansu sak, da wuya gidajen rediyon kantiri su sa waƙarsa, kuma da wuya 'yan jarida su lissafa shi a cikinsu.

Ita wannan mawaƙiya, sunanta Katie Crutchfield, an haife ta a 1989 kuma ta tashi a birnin Bamingam na jihar Alabama. Waxahatchee sunan wani rafi ne da ke kusa da gidan danginta. Tun tana budurwa ita da 'yar uwarta da aka haife su tagwaye suka shiga harkar kiɗan fank (punk), wato kiɗan matasa mai sauri da ƙara, wanda masu yinsa ke alfahari da cewa ba su damu da gogewar hannu ba. Kundinta na farko da wannan suna ya fito a 2012, kuma a gida ta naɗe shi, daga ita sai jitarta, da sauti mai ƙura-ƙura. A 2017 ta fitar da Out in the Storm, wanda jitar lantarki ta cika shi da amo, shi ne abin da ƙanenka yake nufi. A 2018 ta daina shan giya bayan ta daɗe tana fama da ita. Sai ranar 27 ga Maris 2020 Saint Cloud ya fito da waƙoƙi 11, an naɗi mafi yawansa a wani situdiyo da ke karkarar Tekzas kusa da iyakar Meziko, furodusa Brad Cook ne ya kula da aikin, kuma wata ƙungiya daga Ditroit mai suna Bonny Doon ce ta yi mata kiɗan. Sunan kundin ma na garin mahaifinta ne a jihar Fulorida.

Na kawo wannan tarihi ne domin a cikinsa amsar tambayarka ta biyu take. Kai ka saurari kundi ɗaya, kamar wanda ya iso dandali ana gab da cewa ƙurunƙus. Masharhantan kuwa sun shekara takwas suna bin ta, sun san muryarta lokacin da take ɓoye a bayan hayaniyar jita, sai ga shi ta janye hayaniyar gaba ɗaya ta bar muryar a fili, tana rera waƙa a kan barin giya, da dogaro da wani mutum fiye da kima, da garuruwan kudu da ta taso a cikinsu. Abin da suka yaba shi ne tafiyar da ta yi kafin ta iso nan. Shafin Pitchfork, wanda shi ne ya fi tasiri a wannan fanni, ya ba kundin 8.7 kamar yadda ka gani, kuma a jerinsa na ƙarshen shekara ya ajiye shi na biyu, bayan na Fiona Apple da ya ba maki 10 cif. A shafin Metacritic, wanda ke tattara makin jaridu da mujallu ya fitar da matsakaici, makinsa ya haura 80 cikin 100. Da yawa daga cikinsu sun kwatanta shi da kundin Lucinda Williams na 1998, Car Wheels on a Gravel Road, kuma ita kanta mawaƙiyar ba ta ɓoye cewa wannan dattijuwa ce madubinta ba.

Akwai kuma batun harshe, wanda a ganina shi ne ya fi shafarmu mu da ke nan. Rabin yabon nan a kan kalmomin aka yi shi, ba a kan kiɗan ba. Ka ɗauki Bature ka kunna masa Narambaɗa: zai ji kotso, zai ji 'yan amshi suna karɓa, zai ce da daɗi, amma habaicin da zambon da ke sa dattawanmu girgiza kai duk za su wuce shi, daga nan sai ya yi mamakin dalilin da ya sa ake fifita shi a kan wani makaɗin da ya fi shi zaƙin murya. Haka muke da wannan kundi idan ba mu zauna da rubutun baitocin a gabanmu ba.

Haɗa rok da kantiri kuma ba sabon abu ba ne, ko da yake ba kullum aka karɓe shi hannu bibbiyu ba. A watan Maris na 1968 ƙungiyar Byrds, waɗanda 'yan rok ne masu dogon gashi, sun hau dandalin Grand Ole Opry a Nashbil, wato babban zauren kantiri da shirinsa na rediyo ya faro tun 1925, kuma 'yan kallo sun yi musu tarba mai sanyi haɗe da shaguɓe. Kundin da suka yi a wannan shekara bai yi kasuwa sosai ba, amma yau ana lissafa shi cikin tushen wannan salo. A 1990 ƙungiyar Uncle Tupelo ta sake buɗe hanyar ga matasan da suka fito daga fank. Saboda haka a lokacin da Saint Cloud ya fito, masharhanta suna da tsohon ma'aunin da za su ɗora shi a kai.

'Yar Badariya, Birnin Kebbi, ta amsa:

Malam ya yi bayanin ɓangaren masu alƙalami, ni kuma bari in faɗi na masu saurare, domin ina cikin waɗanda suka san ta kafin wannan kundi.

Na fara jin Out in the Storm ne a 2018, lokacin da nake bautar ƙasa, ta hannun wata abokiyar zamana. Abin da ya ja ni shi ne fushin da ke cikinsa. Kundi ne na macen da ta fito daga wata mu'amala da ta cutar da ita, kuma ba ta yi wa abin kwaskwarima ba, jitar tana ruri ita ma tana ɗaga murya. A lokacin ina da nawa dalilan na son irin wannan, waɗanda ba sai na faɗe su a nan ba. Da aka saki waƙar farko daga sabon kundin a farkon 2020, na ji kamar an musanya mini mutum. Da kundin ya fito gaba ɗaya na ga hoton bangonsa, tana zaune a saman wata tsohuwar motar a-kori-kura cikin doguwar riga shuɗiya, an cika bayan motar da furanni, sai na ce a raina shi ke nan, ita ma ta bi sahun masu neman a ce sun natsu. Na saurare shi sau ɗaya na ajiye.

Ba ni kaɗai ba ce. A wuraren da masoyanta ke tattaunawa na ci karo da mutane iri biyu da ba su gamsu ba. Akwai irina masu kewar ƙarar 2017, akwai kuma waɗanda suka fi mu daɗewa, masu ganin tun daga kundin 2012 da na 2013 ba ta sake yin abin da ya kai su ba, domin a wurinsu wannan ƙurar da ke cikin sautin ita ce shaidar gaskiya, duk abin da aka goge a situdiyo kuwa ya rasa wani abu. Amma in faɗi gaskiya, yawancin abin da na karanta yabo ne, kuma masu yabon da yawa sababbi ne da ba su taɓa jin sunanta ba sai a lokacin.

Akwai wani abu da Malam bai taɓo ba, wanda nake ganin ya yi tasiri ƙwarai, shi ne lokacin fitowar. Ranar 27 ga Maris 2020 duniya tana shiga kulle saboda korona. Kwana uku bayan haka aka rufe Legas da Abuja, makarantu sun riga sun tashi, a Amurka ma an soke tarukan kiɗa, har da rangadin da ita kanta ta shirya. Kundin da aka yi shi domin a kaɗa a gaban jama'a sai ya koma abin da kowa ke ji shi kaɗai a ɗakinsa. Kiɗa mai hayaniya yana buƙatar taro, wannan kuwa yana tafiya daidai da zaman shiru, da wanke-wanke, da kallon waje ta taga. Ni kaina a wannan zaman ne na koma masa. Da azumi ya kama a ƙarshen Afrilu na ajiye sauraren kiɗa gaba ɗaya, bayan salla na sake kunna shi, sai na ji abin da ban ji ba da farko: fushin yana nan, sai dai ta juyar da shi kan kanta, tana tuhumar halinta maimakon ta tuhumi wani, kuma wannan ya fi wancan wuyar faɗa. Waƙar da ta yi wa wani na kusa da ita da ƙwaya ta yi ajali, wadda ke kusa da ƙarshen kundin, har yau ba na iya jin ta ina wani aiki.

Shi ya sa ba na yarda da a ce masharhanta suna gefe ɗaya masoya suna gefe ɗaya. Bambancin da na gani na lokaci ne. Mai sharhi ana ba shi kundi kafin ya fito, ya saurara na 'yan makonni, ya rubuta hukuncinsa, ya wuce zuwa na gaba. Mai saurare kuwa ba wanda ke jiran amsarsa, yana iya ƙin abu a watan Maris ya so shi a watan Yuni, kamar yadda ya faru da ni. Abin da ya biyo baya ya nuna inda rinjaye ya karkata: ba ta koma wa tsohon salon ba. A 2022 ita da Jess Williamson sun yi kundin kantiri tsantsa da sunan Plains, a 2024 kuma ta fitar da Tigers Blood a kan wannan turba, wanda ya kai ta shiga takarar kyautar Grammy a karon farko, ko da yake ba ta ci ba. Da masu sauraronta sun watse, da ba ta yi taurin kan ci gaba ba. Duk da haka, Yaya, idan ka tambaye ni wanda na fi kunnawa a cikin mota, har yanzu na 2017 ne.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo, Argungu, ya amsa:

Ɗana na Gusau, Allah Ya gafarta wa mahaifinka. Irinsa ne suke aiko mana da wasiƙu a zamanin da nake aiki, suna neman a sa musu Don Williams da yammacin Lahadi, kuma ba mu taɓa tambayarsu ko suna jin Turanci ba. Jikana ya nemo mini kundin da kuke magana a kai, na saurare shi jiya bayan isha'i. Yarinyar tana da murya, makaɗanta kuma sun san inda za su yi shiru, wanda shi ne abin da yaran yanzu suka fi rasawa. Amma ina tare da kai a kan shakkar da ka nuna, kuma ina ganin malamin Ƙaura ya yi wa masharhantan nan sassauci fiye da yadda suka cancanta.

Abin da na lura da shi a tsawon aikina shi ne, masu rubutu a jarida suna son kiɗan karkara ne idan ɗan birni irinsu ya ɗauko shi ya kawo musu. Idan mutumin da ya yi makaranta tare da su, yake karanta littattafan da suke karantawa, ya rataya jitar ƙauye, sai su ce ya koma tushe, ya nuna jarumta. Wanda kuwa bai taɓa barin tushen ba, talakawan ƙauye ne ke cika masa fili, sai su ce ɗan kasuwa ne. Ku dubi Morgan Wallen: kundinsa na 2023 mai waƙoƙi 36 ya shafe fiye da makonni 15 a saman jadawalin Billboard na duk Amurka, miliyoyin mutane suna sauraronsa, amma shafin nan da ya ba yarinyar 8.7 bai ba shi ko rabin makin goma ba. Ban ce waƙarsa ta fi tata ba, ban ma cika son ta ba. Abin da nake cewa shi ne makin nan ra'ayin wani rukuni ne na mutane, masu irin tarbiyyarsu da irin kunnensu, ba ma'aunin Allah da Annabi ba.

A nan gida ma haka abin yake. Matashi mai kiɗan fiyano zai sa kalangu ko gurmi a waƙa ɗaya, sai a kira shi hira a ce ya farfaɗo da al'ada, alhali ga makaɗin noma can a ƙauye da ya shekara arba'in yana bin gayya gona-gona, ba wanda ya taɓa miƙa masa makirufo. Mu a da ba mu da masu ba da maki. Makaɗin fada irin su Sa'idu Faru ko Sani Aliyu Ɗandawo, hukuncin waƙarsa yana fitowa ne nan take, daga fuskar sarki da abin da ya biyo baya na riga ko doki, sannan daga bakin jama'a idan an wayi gari yara suna rera amshin a hanya. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun zo daga baya suka tattara waƙoƙin suka yi nazarinsu, kuma sun yi babban aiki, amma ba su suka gaya wa mutanen Zamfara cewa Ɗanƙwairo gwani ne ba, sun tarar an riga an yanke wannan hukunci.

Wani abin da zan ƙara, tun da ka ce kiɗan ya yi maka kama da na gida: banjo da ake ji a kantiri, wanda ita ma ta sa a kundinta na 2024, asalinsa daga kayan kiɗan Afirka ta Yamma ne da bayi suka tafi da iliminsu Amurka, ƙwarya da fata da tsirkiya, dangin molo da gurmi da garaya. Wataƙila shi ya sa direbobinmu ba su taɓa jin wannan kiɗa baƙo ba ne.

Malamin Turanci, Ƙauran Namoda, ya sake amsawa:

Baba, Allah Ya ƙara girma. Na karɓi maganarka a kan cewa masharhanta rukuni ne mai nasa son rai, kuma misalin makaɗin noma ya zauna daram. Sai dai ina neman afuwa in yi gyara a wuri biyu.

Wannan mawaƙiya ba baƙuwa ba ce da ta ari rigar ƙauye. 'Yar Alabama ce, a gidansu kantiri iyayenta suke saurare, ita ce ta guje shi lokacin ƙuruciya domin tana ganin kiɗan tsofaffi ne, kamar yadda yaranmu ke gudun kotso su bi fiyano, daga baya ta dawo. Jan kalmar da ɗan uwanmu na Gusau ya ji a muryarta ba kwaikwayo ba ne, harshen garinsu ne da ta daina ɓoyewa.

Sannan masharhantan ba kowane ɗan Nashbil suke yi wa rowar yabo ba. Kacey Musgraves cikin wannan masana'anta take, a babban kamfani, amma kundinta na 2018 ya sha yabo a wurin waɗannan mutane, har ya ci babbar kyautar Grammy ta kundin shekara a 2019, alhali gidajen rediyon kantiri ba su ba shi fili yadda ya kamata ba. Ashe ke nan su ma masu rediyon rukuni ne mai nasa son rai, kuma an daɗe ana kuka da yadda suke taƙaita sa waƙoƙin mata. Idan makin Pitchfork ba hukuncin jama'a ba ne, jadawalin rediyo ma ba shi ba ne, domin wani ne ke zaɓar abin da za a kunna kafin jama'a su ji. Kai da ka yi aikin ka fi ni sanin wannan.

Ɗan Tudun Wada, Gusau, ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, da Malam, da 'yar uwata ta Birnin Kebbi. Na bi shawarar Malam, na nemo rubutun baitocin na sa a gabana, na sake sauraren kundin a daren jiya, ƙanena yana fassara mini inda na kakare. Lallai akwai abin da ya wuce ni a da, musamman waƙar da aka sa wa sunan wata hanya ta garinsu, inda take lissafa abin da mutum ke gani a gefen titi idan ya koma unguwar da ya taso, da mutanen da ya bari a can waɗanda rayuwa ba ta yi wa daɗi ba. Wannan ta tuna mini da yadda mahaifinmu yake kiran sunayen garuruwa ɗaya bayan ɗaya, daga Tsafe zuwa Funtuwa zuwa Birnin Gwari, idan yana ba mu labarin hanya.

Game da makin kuwa, har yanzu ina ganin 8.7 ya yi yawa, ni da zan bayar da 7 zan tsaya, kuma Don Williams yana nan a inda yake a wurina. 'Yar uwa, na sauke kundin 2017 ɗin da kika ce kin fi kunnawa, amma waƙar farko ta kusa fasa mini lasifikar waya. Da wace waƙa ya kamata in fara, wadda ba za ta kore ni ba tun kafin in zauna?